Fasto Mai Jaka a Coci na Tara

Tun da ofishin mishan ya ɗora masa zagayen ikilisiyoyi, mutane suka manta da sunansa, sai dai Fasto Mai Jaka. Baƙar jaka ce tsohuwa, mai gyaran takalmi ya ɗinke mata hannu har sau biyu. A cikinta akwai Littafi Mai Tsarki, da riga biyu, da ambulan na alkawarin baiko, wato gudummawar masu bi, da hotuna goma sha biyu da aka manna a kwali. Yakan isa gari ran Asabar, ya sauka a gidan faston wurin, ran Lahadi ya hau mumbari ya ba da labarin aikin bishara a ƙetaren kogi, ya roƙi jama'a su sa hannu.

Labarin kuwa ya san shi kamar yunwar cikinsa, don shi ne ya kafa wurin. Shekara goma sha huɗu ya yi a cikin masuntan ƙetare, sai da ciwon gwiwa ya kayar da shi aka dawo da shi gida. Ya bar aikin a hannun surukinsa mai bishara, da 'yarsa Auta, wadda ta yi karatun jinya take riƙe da ɗan ɗakin shan magani. Duk wata uku surukin yakan aiko da rahoto mai daɗin ji. Da rahoton da hotunan Fasto yake yawo: mutum arba'in a ƙarƙashin rufin kwano, mata a layi da jarirai, ga mai kwalekwale da ya ba da gaskiya, wanda yake buga ƙarfen sujada kowace Lahadi. Coci takwas ya zaga a bana, ko'ina in ya kai kan mai kwalekwale sai ya ga mata suna share hawaye.

Ran Alhamis saƙo ya shigo wayarsa daga surukin: "Baba, akwai magana. Don Allah kada ka hau mumbari ran Lahadi sai mun yi waya."

Ya kira nan take, ba ta shiga ba. Ya kira lambar Auta, a kashe. A ƙetare sai an hau tudu ake samun layi, ya sani, amma sanin bai kwantar masa da hankali ba, don Auta tana da cikin wata bakwai. Ya kira ran Juma'a sau ba adadi. Ran Asabar a cikin mota wayar tana hannunsa har ta jiƙe da gumi. Matarsa ta kira daga gida ta tambaye shi ko ya ji daga yara, ya ce mata layi ne kawai.

Coci na tara shi ne mafi girma a jerin, mai bene da fanka a kowane ginshiƙi. Rabaran ɗin wurin abokin karatunsa ne tun makarantar Littafi Mai Tsarki, mutum mai ƙiba da son barkwanci. Ya tare shi a ƙofar gida da hannu biyu.

"Kai, Mai Jaka! Har yanzu jakar nan ba ta yi ritaya ba? Ta girmi rabin mawaƙana."

Fasto ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Aka kawo shayi da burodi, ya gutsura ya ajiye. Rabaran ya rage murya ya ce masa minti goma dattawa suka ba shi, ba ƙari, kuma ya yi hankali da ma'aji, don tun bara yake ƙorafi wai mishan na janye hankalin jama'a daga gyaran rufi.

Da safiyar Lahadi yana zaune a ɗan ofishin da ke bayan mumbari, tsakanin rigunan mawaƙa da aka rataye da wani tsohon ganga da ya fashe, sai wayar ta yi ƙara. Ya zabura har gwiwar ta soke shi.

"Baba, ni ce." Muryar Auta ce, tana haki.

"Auta! Lafiya? Ina mijinki? Kwana uku ina nemanku!"

"Yana nan kusa da ni, ya kasa magana ne. Batir ɗinmu ya mutu, sai jiya muka samu aka yi mana caji. Baba, ka saurara, kada layi ya yanke."

Ta faɗa masa a gurguje. Kogi ya canza hanya tun bara, kifi ya yi nisa, masunta suka kwashe suka koma gaba, tafiyar yini biyu. Mai kwalekwale ya bi su, shekara guda ke nan ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Ranar Lahadi mutum shida suke taruwa, huɗu a ciki tsofaffi ne. Firjin magani ya lalace, ɗakin shan magani a rufe yake tun wata biyar. Mijinta ya yi ta rubuta rahoton da ya san zai faranta ran Baba, yana cewa wata mai zuwa abubuwa za su gyaru. Sai makon jiya wani ya turo masa hoton Baba a wani coci, ya ɗaga kwalin hotuna sama, tun ranar abinci ya gagare shi.

"Hotunan nan na zamaninka ne, Baba. Yanzu ba haka wurin yake ba."

"Ke fa? Jikinki fa?"

"Da sauƙi. Ƙafa ce ta kumbura, sai ciwon kai da ba ya sauka. Mun ce ƙarshen wata za mu fito, in na haihu sai mu ga ko..."

Layin ya yanke. Ya sake kira, shiru.

A waje mawaƙa sun riga sun fara. Rabaran ya leƙo yana gyara kwalar rigarsa, ya ga fuskar abokinsa, ya shigo ya turo ƙofa. Fasto ya faɗa masa a taƙaice. Dariyar nan ta Rabaran duk ta gudu.

"Abokina, ka faɗi abin da ka saba faɗa. Ai ba ƙarya ka ƙirƙira ba, haka aka rubuto maka. Gobe Litinin ka je ofis a gyara. In ka fasa wannan ƙwai a nan, ma'aji ya samu abin da yake nema, shekara biyar ba za a sake buɗe wa mishan ƙofa ba."

"Jiya ba ƙarya ba ce," in ji Fasto. "Yau fa?"

Rabaran ya dafa kafaɗarsa kawai ya ce lokaci ya yi.

Aka zaunar da shi a kujerar baƙi, fuska ga jama'a. Bai taɓa ganin sujada mai tsawo irin wannan ba, bai kuma taɓa ganin mai sauri kamarta ba. Aka yi waƙa, aka yi karatu, aka yi sanarwar aure da ta taron mata, shi dai yana ganin bakuna suna motsi. Zufa ta bi bayansa duk da fankar da ke kansa. Ya lissafa hanyoyin tsira ɗaya bayan ɗaya. Zai iya cewa ba shi da lafiya. Zai iya yin wa'azi a kan bayarwa kawai, ba tare da ya ambaci ƙetare ba. Zai iya ɗaga hotunan ya ce "ga yadda muka fara," ya bar jama'a su ɗauka yadda suka ga dama. Wannan ta ƙarshen ta fi kwanta masa, har ya zaro kwalin ya ɗora a cinya. A layin gaba ma'aji yana zaune da tabarau a kan hanci, ya harɗe hannu. A bayansa wata yarinya mai ciki tana fifita da takardar waƙa, Fasto ya kawar da kai da sauri.

Rabaran ya gabatar da shi, ya ce ga jarumin ƙetaren kogi, aka tafa. Fasto ya hau matakala uku kamar mai hawan dutse. Ya ajiye kwalin a kan mumbari. Ya ce, "Salama a gare ku," aka amsa. Ya ɗaga kwalin, ya kai shi daidai ƙirji, sai hannun ya ƙi wucewa. Ya kifa shi.

"'Yan'uwa, na zo da labari mai daɗi a jakata, amma ya tsufa. Yau da safe na ji na gaskiya."

Ya faɗa musu duka. Ya faɗi kogin, da masuntan da suka tashi, da mutum shida, da ɗakin maganin da ke rufe. Bai ce surukinsa ya yi ƙarya ba. Ya ce yaron ya ji nauyinsa ne, shi kuma shekara biyu bai taka ya je ya gani da idonsa ba, don labarin yana yi masa daɗi a baki. Ya ce akwai ambulan a bakin ƙofa, amma ba zai iya yi musu alkawarin abin da baikonsu zai haifar ba. Wanda ya ga zai bayar a haka, to. Wanda ya ga zai jira, ba laifi. Ya roƙi addu'a domin 'yarsa ma'aikaciyar jinya, mai cikin wata bakwai, da ƙafa a kumbure da ciwon kai. Ko minti bakwai bai cika ba ya sauko.

Cocin ya yi tsit, ba tafi, ba amin. Wani yaro ya yi kuka a bene aka fita da shi. Rabaran ya tashi ya ja addu'a doguwa, wadda rabinta neman abin faɗa ne.

Bayan an tashi, mutane suka riƙa wucewa ta gefensa, wasu su miƙa hannu, wasu su sunkuyar da kai. Ma'aji ya tsaya a gabansa ya cire tabarau.

"Fasto, coci nawa ka zaga da wancan labarin?"

"Takwas."

"To su fa?"

"Zan koma musu."

Ma'aji ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Allah ya ba da iko," ya wuce. Fasto bai gane ko addu'a ce ko gatse ba.

Sai ga wata dattijuwa gajera ta ratso mutane da sandarta, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Aka raɗa masa cewa tsohuwar ungozoma ce, shekara talatin ta yi a asibiti.

"Ciwon kan nan, tun yaushe? Fuskarta ta kumbura? Tana ganin duhu-duhu?"

"Mama, ban tambaya ba. Layi ya yanke. Sun ce ƙarshen wata za su fito."

"Ƙarshen wata!" Ta buga sandar a ƙasa. "Ita da ta yi karatun jinya ta sani sarai, ɓoye maka take yi. Ka fito da yarinyar nan yau, ba gobe ba."

Duk tashin hankalin safiya ya zama wasa. Fasto ya tsaya riƙe da jaka, ya rasa gabas ya rasa yamma. Rabaran ne ya yi ta maza, ya ƙwala wa wani dattijon coci kira, mai motar ɗaukar kaya, ya ce a zuba mai a kansa. Ungozoma ta aika gida aka ɗauko mata abin awon hawan jini, ta ce da ita za a je, wanda ya isa ya hana ta.

Awa biyar suka yi a hanya. Fasto yana tsakiya, gwiwarsa tana bugun giya a kowane rami, yana ta danna lambar da ba ta shiga. Suka bar motar a bakin ruwa, suka yi ta kiran wani mai jirgi da ke can tsallake har muryar direba ta dushe. Rana ta yi sanyi sa'ad da suka isa.

Auta tana kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, fuskarta ta cika har idanun sun ƙanƙance. Ta yunƙura za ta tashi, ungozoma ta daka mata tsawa ta koma. Ta ɗaura mata abin awo, ta duba, ba ta faɗi abin da ta gani ba, ta ce kawai a ɗauko ta. A kan ƙofar ɗakin magani da suka ɓalle aka ɗauke ta zuwa jirgi, tsofaffin nan huɗu suna biye suna addu'a.

Kwana biyu bayan haka likitoci suka ciro jaririya, 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba. Likita ya ce da an ƙara kwana uku, da labarin ya sha bamban. Uwa da 'ya duka suka rayu.

A barandar asibitin ne surukin ya samu bakin magana. Tun daga ƙetare bai yarda sun haɗa ido ba. Ya zo ya durƙusa a gaban bencin da Fasto yake zaune, ya ce, "Baba, na ci amanarka."

Fasto ya daɗe yana kallon ƙeyarsa. Ya ga yadda wuyan rigar ya yi masa yawa.

"Tashi, mutane suna kallo. Shekara biyu ina tambayarka mutum nawa suka zo sujada. Ban taɓa tambayarka ko kun ci abinci ba. Tashi ka zauna."

Sakataren mishan ya yi faɗa a waya, ya ce da an fara kawo maganar ofis, amma bai hana shi komawa ba. Wata biyu Fasto ya yi yana bin coci takwas ɗin nan. Biyu suka janye alkawarinsu. A ɗaya ba a ba shi mumbari ba, sai a ofis ya yi wa dattawa bayani a tsaye. Sauran suka ce a ci gaba. Daga baya ofis ya tura mutum biyu su nemo inda masuntan suka sauka, surukin ya roƙa aka sa shi a ciki. Auta ta ce ita ba ta ce za ta koma ba, ba ta kuma ce ba za ta koma ba, sai jaririya ta yi ƙwari tukuna. Fasto bai matsa mata ba.