Inda Muryar Baba Ta Tsaya

Baba bai taɓa sayen abu yadda mutane suke saye ba. Da kunnensa ya fara nauyi, sai ya shiga shagon kayan sauti ya ce shi abin da ke fito da maganar mutane kawai yake so, ba ruwansa da kiɗa. Mai shagon ya nuna masa lasifikar tsakiya, doguwar nan da ake kwantarwa ƙarƙashin talabijin, ya ce ita ce mai ɗaukar murya, sauran 'yan rakiya ne. Baba ya ce to a ba shi biyu. Mutumin ya yi bayani har yawunsa ya ƙafe, wai ɗaya ake sawa, ba a yin hagu da dama da su. Baba ya rungumo kayansa ya fito.

Ya kwantar da ɗaya a kan kabad ɗin kwanuka, ɗaya a kan kantar littattafai, ya ɗaura wayoyin da kansa, ko tabarau bai sa ba. Tun ranar falonmu ya zama wani iri. Mai karanta labarai ya daina magana daga gabanka. Sai ka ji shi a bayan kunne, ko can wajen ƙofar ɗakuna, ka waiwaya ba kowa. Muka yi ƙorafi, Baba ya ce ai hakan ya fi cika ɗaki.

Bayan rasuwarsa na tura kujerarsa jikin bango, tsakanin kabad da kanta, don na tsani in ga baƙo ya baje a kanta.

Mama kuwa tun kafin rasuwar mantuwa ta fara cin ta. Ta yi kuka ranar, kuka mai yawa, bayan 'yan makonni kuma ta shiga tambayata ko babanmu ya karya. Abin da ya fi tayar mini da hankali maganin zuciyarta ne. Shi yake ba ta kullum, daga hannunsa kawai ta san shi. In na miƙa mata sai ta rufe baki ruf.

"Sai babanku ya ce."

Ƙafafunta suka fara kumbura. Likita ya ce mini in ta ci gaba da ƙin sha, kada in yi mamakin abin da zai biyo baya. Kamar ni ce nake hana ta.

A cikin salulata na samo wani tsohon saƙon murya da Baba ya turo wata rana da ya yi tafiya. Na jona salular da amfilifaya, na'urar da ke kai sauti ga lasifikan Baba, na zaunar da Mama a doguwar kujera, na danna.

"Maman yara, kin sha maganin? Ki sha yanzu. Ga ni nan zuwa."

Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Muryar ta fito ne kamar yana can ciki yana neman hularsa. Mama ta juya wajen ƙofar ɗakuna ta ce, "To, na ji, sarkin mita," ta buɗe baki. Haka muka riƙa yi kowace safiya. Kumburin ya saɓe. In ta sha sai ta miƙe da sandarta ta yi ciki, ni kuma in koma wanke-wanke ina gode wa Allah da wai tana motsa jiki.

Sai ƙanina ya zo hutun ƙarshen mako. Injiniya muke ce masa, don tun yana yaro ba ya ganin abu da murfi ya ƙyale shi. Ya ji rediyo na minti ɗaya ya yamutsa fuska, ya zura kai bayan kabad.

"Yaya, zo ki ga aikin Baba! Jar waya ya sa a gurbin baƙa. Wannan lasifikar tana turawa, waccan tana ja, shi ya sa murya ta rasa wurin tsayawa."

Ina kicin, mai yana ƙauri a wuta. Na ce masa, "Uhum." Ban san a wajen Injiniya uhum izinin gyara ne ba.

Da safe na zaunar da Mama, na ɗauko ruwa da ƙwayar, na danna.

Baba ya yi magana daga kan kujerarsa. Daidai nan, tsakanin kabad da kanta, daidai tsayin bakin mutumin da yake zaune. Har ɗan numfashin da yake ja kafin ya ce "Maman yara" na ji, wanda ban taɓa ji ba. Kofin ya kusa suɓuce mini.

Mama ba ta waiwaya ko'ina ba. Ta ƙura wa kujerar ido, ta dubi matashin da ya lotsa, ta dubi hannun katakon da zaman shekaru ya goge. Ta daɗe tana kallo.

"Ya rasu ko?"

Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa da burodi a hannu. Wallahi da ba don idon Mama ba, da na kwaɗa masa kofin. Ranar ba ta sha magani ba, ba ta ci komai ba. Ta wuni a zaune tana fuskantar kujerar.

Da la'asar na sa shi ya mayar da wayar yadda Baba ya bar ta, ja a gurbin baƙa. Ya yi ba musu.

Washegari na danna. Muryar ta koma yawonta, can wajen ɗakuna. Mama ta ɗan karkata kai kamar za ta juya, sai ta fasa.

"Wa ya taɓa?"

"Ba kowa, Mama. Baba ne, yana ciki."

"Kira min ƙaninki."

Ya zo ya durƙusa a gabanta. Ta dafa kansa.

"Mayar da babanku kan kujerarsa, Auta. Kullum sai ya ce ga shi nan zuwa, in bi ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya, har banɗaki nake leƙawa. Ƙafafuna sun gaji."

Na tuna ƙarar sandarta kowace safiya, da ƙofofin da nake tararwa a buɗe ina rufewa ina mita. Na juya baya don kada ta ga fuskata.

Injiniya ya shiga bayan kabad ya fito. Na danna. Baba ya tambaye ta daga kan kujera ko ta sha maganin.

"Yanzu zan sha," in ji Mama. "Kai dai yi zamanka."

Ta miƙo mini tafin hannunta ba tare da ta ɗauke ido daga kujerar ba.