Akuyar Iya Tani Ta Yi Ƙiba

Kun gan ta, kada ku yi musu. Wata biyu Iya Tani tana ramewa a Tamawa, kuna wucewa kuna cewa, "Allah ya karɓi ibada."

Tun da aka binne Rekiya, ƙawar da suka yi shekara sittin suna kasa daddawa tare a kasuwar Kurfi, Iya ta ɗauki azumi. Da farko Litinin da Alhamis, daga baya kullum. Ta rabar da tukwanenta, kuka ce tsohuwa na shirin lahira. Kowace magariba a kai mata tuwo, kwano ya dawo babu komai.

Jikarta Fauziyya, mai karatun jinya a Dutsin-Ma, ta zo hutu. Ta dubi kakarta, ta dubi akuyar da ke ɗaure a ƙofar ɗakin, jiki sai sheƙi.

"Iya, ke ke azumi, akuya ke buɗa-baki?"

"'Yar nema. Sa ido ake koya muku a makarantar?"

Fauziyya ta zauna a bakin tabarma. "Iya, mutuwa kike so?"

Tsohuwar ta daɗe tana murza carbi. "Duk wanda ya san ni da ƙuruciya yana ƙasa. Ni kaɗai aka manta. Zaman me nake yi?"

Fauziyya ta ce a kai ta asibiti. Mamuda, babban ɗan Iya, ya ce ba inda za ta. "Uwata, da shekara casa'in, a kai ta wurin masu taɓin hankali? Da wane ido zan shiga masallaci?"

Fauziyya ta ce, "Da wanda za ka karɓi ta'aziyya, Kawu."

Washegari Mamuda da kansa ya samo mota.

Daga Dutsin-Ma aka tura su Katsina, wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya ce ciwon damuwa ne, ba tsufa ba, kuma yana da magani. Aka kwantar da ita mako uku. Ba ta warke sarai ba, har yanzu takan yi jugum. Amma ran da ta dawo ta ɗanɗana miya, ta yatsine fuska, ta ce wannan daddawar ta 'yan ha'inci ce, a nemo mata kalwa ta yi tata.

Akuya ce ta tona abin da ku kuka kasa gani. Idan akwai tsoho a gidanku da ya yi shiru, yau ku kai mashi abinci da hannunku, ku zauna har ya ci. Ku tambaye shi abin da Fauziyya ta tambaya. In ya amsa kamar Iya, ku nemo mota.