Ƙyauren Ɗakin Baba

Ranar Litinin aka kama Talle, a bazarar da ta biyo farin tamanin da huɗu, kuma laifinsa bai wuce rassan gawo uku ba. Awakin da suka rage masa a Barmou sun kai ga cin tsumma da takarda, sai ya hau gawo da gatari ya saro musu ganye. Lokacin soja ke mulki, dokar saran itace ta yi zafin da ko ƙirare sai mutum ya waiga kafin ya tsinta. Aka ɗaure shi da igiyar awakinsa, aka kawo shi kaso a Tahoua.

Ni ce Balki, yayarsa. Yaya dai a baki, don ni na goye shi. Uwarmu ta rasu yana da kwana biyu a duniya, shi ya sa ake ce masa Talle, shi kuma Inna yake kirana. A tsakaninmu akwai Manzo, masassaƙi, wanda ya gaji gizagon babanmu da kuma nauyin bakinsa. Mutum ne da sai ka yi masa magana goma ya mayar maka da ɗaya, ita ma guntuwa. Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu, ina kwana a ɗakin Baba, ina dama fura ina sayarwa in an sami gero.

Da na kai wa Talle fura, gardin da ke ƙofa ya raɗa mini cewa ranar Juma'a kamiyo, babbar motar kaya, zai kwashi ƴan kaso zuwa arewa, wurin fasa dutse. Talle kuwa tun yana yaro ƙirjinsa ba lafiya, ko shara aka yi kusa da shi sai ya kwana yana tari. Na san in ya hau motar nan, na gama ganinsa ke nan.

Talata da hantsi wata motar soja ta tsaya a ƙofar gidanmu. Kapiten Attaher ne, wanda ƴan kason ke hannunsa, dogo, da baƙin tabarau. Wani soja na biye da shi ɗauke da katako ja mai faɗi da gwangwani biyu ƙanana.

“Kai na Manzo masassaƙi?”

“Ni na, ranka shi daɗe.”

“Madam ɗin da ka aikin dashen icce za ta koma ƙasarsu. Ran Alhamis da la'asar za mu yi mata bankwana. Katakon yanka nama nika so, irin nasu na Turawa. Ka zana gawo bisa, ka cika zanen da wanga danƙo. Ka haɗa biyun daidai wa daida, in ya sandare awa gilashi shika zama. Ba ni da wani, kak ka ɓata shi.”

Manzo ya gyaɗa kai kawai. Ni kuwa bakina ba ya riƙuwa, na fito daga bayan zana na durƙusa.

“Ranka shi daɗe, ƙanenmu na hannunku.”

“Na san da shi.” Bai ko dube ni ba. “In aikin ya yi kyau, mu gani. In ya ɓaci, kamiyo na da wurin mutum biyu.”

Da motar ta tashi na ce alhamdulillahi, ga hanya ta samu. Manzo bai ce amin ba. Ya ɗaga katakon ya manna shi a kumatunsa, yadda Baba ke yi, ya daɗe a haka. Sannan ya ɓantaro ɗan ɓawo da wuƙa ya tauna ya tofar.

“Yaya, ɗanye na.”

“To sai mi?”

“Maɗaci na, bai yi kwana goma da sara ba. Taɓa ki ji sanyi.”

Na taɓa. Cikin zafin nan da ko randa ba ta riƙe sanyi, katakon na da sanyi kamar gindin tulu. Sai na tuna da katon maɗacin nan na bakin hanya, wanda aka wayi gari a makon jiya babu shi sai kututture, aka kuma ga sawun babbar mota a wurin. Duk garin an gani, babu wanda ya tanka.

Manzo ya yanke ɗan gefe, ya fafe rami, ya ɗiga danƙon kaɗan don gwaji. Kafin la'asar ya yi fari fat kamar kindirmo, da ya sa farce sai ya ɓare gaba ɗaya. Ruwan da ke cikin itacen ne ba ya barinsa ya kama.

“Shanya shi ga rana mana,” na ce.

“Shi tsage.”

“Kusa ga wuta fa?”

“Shi hi saurin tsagewa. Shekara shika so cikin inuwa.”

“To tashi ka tahi ka gaya mai!”

Ya dube ni, irin kallon da ke ba ni haushi tun muna yara. “In ce mai mi? In ce kapiten, iccenka ɗanye na? Wanda ad ɗaure da Talle don reshe ukku?”

Na gane nufinsa. Faɗa wa kapiten gaskiya daidai yake da nuna shi da yatsa a ce shi ya sare maɗacin. Yin aikin a haka kuwa ɓata shi ne. Muka zauna muna kallon katakon har aka kira magariba, tsoro ya hana ni ko ɗora tukunya.

Laraba da sassafe Manzo ya zaga wurin masassaƙan garin. Ya dawo hannu wofi. Fari ya sa duk wani busasshen itacen kirki an ƙone shi ko an sayar, wanda ke da ɗan saura kuma ya ɓoye don tsoron tambaya. Ya tsaya a tsakar gida yana share gumi, sai na ga idonsa ya tsaya a kan ƙyauren ɗakina.

Ƙyauren nan Baba ya yi shi da hannunsa shekarar da ya auri uwarmu, da maɗacin da ya ɗauko a kan raƙumi daga kudu. Falle uku ne, na tsakiya ya fi faɗi. A bayan na tsakiyan Baba ke yin tsaga da wuƙa duk ranar da aka yi masa haihuwa. Tsaga bakwai ce, masu huɗu daga ciki suna ƙasa tun suna ƙanana. Ta ƙarshe ita ce ta Talle, ta fi sauran zurfi, don a ranar da aka dawo daga binne uwarmu ya yi ta. Talle ba shi da abin da ya sani na uwarsa sai wannan. Duk zuwan da zai yi daga Barmou, kafin ya gaishe ni sai ya zura hannu bayan ƙyauren ya shafa tsagarsa da babban yatsa, har wurin ya yi santsi.

“A'a,” na ce.

Bai ɗauke ido daga kan ƙyauren ba.

“Na ce a'a, Manzo! Ka ɗauki turmina, ka ɗauki gadona.”

“Ba su da hwaɗi, Yaya.”

Na zage shi, na zagi kapiten a cikina, na zagi awakin Talle da ba su da hankalin mutuwa da wuri. Da na gama sai na shiga na ɗauko masa guduma da kaina, don na ga in na bar shi zai tsaya nan har azahar yana jin kunyata.

Ya cire fallen tsakiya, ya yanke tsawon da ake so. Dole a fere fuska biyun su yi sumul. Da gizago ya kai kan tsagogin sai na juya baya, amma kunnena yana ji. Ya goge da magagari, ya bi da yashi mai laushi, sai ga jan maɗaci ya fito kamar jiya aka saro shi, ya ma fi na kapiten kyau.

Daga nan ya zauna ya ɗora shi a cinya, ya fara zanen da ƴar wuƙarsa mai lanƙwasasshen baki. Gangar gawon ya fara fafewa, sannan rassa, kowane rami zurfin ƙwayar gero biyu. Sau ɗaya wuƙar ta zame ta yanke shi a yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Matsalar da ta rage ramukan ƙusa ne guda huɗu, waɗanda babu yadda za a fere su.

“Za ya gani,” na ce.

“Su zama tsuntsaye.” Ya yi wa kowane rami fukafukai biyu da bakin wuƙa.

Alhamis, gari na wayewa, kafin rana ta yi zafin da zai sandarar da danƙon a cikin kwano, ya ce in daka masa shuni ya yi laushi kamar kwalli. Ya juye gwangwanin biyu ya gauraya da shunin, ya rufe fuska saboda warinsa. Ya riƙa ɗiga shi da tsinke, rami bayan rami. Kafin ya kai tsuntsun ƙarshe danƙon ya fara kauri yana ja kamar yauƙi, da kyar ya kankare ɗigon da ya cike shi. Muka kife masa ƙwarya saboda ƙuda. Da azahar ya sa farce, danƙon ya ƙi motsi, shuɗi ne tas babu fari ko ɗigo. Ya goge, ya shafe shi da man gyaɗa, ya naɗe a zanena.

A harabar kaso za a yi bankwanar, na ce ƙafata ƙafarsa. Na ɗauki ƙwaryar furar Talle don in sami dalilin shiga, na raɓe a jikin bango. An jera kujeru a inuwa, ga sojoji, ga manyan gari, ga Baturiyar, wata tsohuwa ƙanƙama da rana ta dafa wa fuska. Kapiten ya karɓi ƙunshin bai ko buɗe ba, ya yi jawabi da Faransanci, ya miƙa mata.

Ta kwance zanen. Ta yi murmushi da ta ga gawon, amma murmushin bai daɗe ba. Ta juya katakon, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta kai shi hanci. Shekara shida tana dashen itace a nan ƙasar Adar, Hausa ta zauna a bakinta.

“Maɗaci ne wannan,” ta ce. “Kapiten, daga ina?”

Babu wanda ke zaune a nan da bai ga kututturen bakin hanya ba. Kowa ya juya ya dubi kapiten. Ita kuwa ta ɗaga katakon ta manna a kumatunta, wallahi kamar Baba. Sannan ta kai ido kan tsuntsayen, ta sa yatsa a kan ɗaya, sai ta fashe da dariya.

“Ramin ƙusa! Tsohon ƙyaure ne, ya fi shekara arba'in. Ba a sare ko reshe ba saboda ni. Kapiten, ka san abin da nake so.”

Aka yi ta tafi. Kapiten ya yi dariya shi ma, amma ya cire tabarau yana kallon Manzo. Shi dai ya san katakon da ya kawo ba shi da ramin ƙusa. Da aka fara rabon lemo ya zo har inda muke a jikin bango, ya rage murya.

“Ina nawa?”

“Shina gida, ranka shi daɗe.”

“Don mi ba ka yi aiki da shi ba?”

Manzo ya sunkuyar da kai.

“Ya hi ƙarhin wuƙata.”

“Wa ag gane shi?”

“Ni da yayata.”

Ya dube ni karon farko, ya daɗe yana dubana. Ni da ake cewa bakina ya fi ƙafata sauri, ranar ko haɗiyar yawu ban yi ba. Ya mayar da tabarau ya juya, bai ce tafi ba, bai ce tsaya ba, bai ambaci Talle ba. Muka dawo gida da furar a hannuna.

Juma'a da hantsi muka ji ƙugin kamiyo ya bi babbar hanya ya yi arewa. Na zauna a bakin ɗaki na rufe kai da zane ina kuka. Manzo na gefe yana wasa wuƙar da ba ta buƙatar washi.

Ana cikin haka motar kapiten ta tsaya a ƙofa. Sojan nan ya shigo, ya ce kapiten ya aiko a ba shi kayansa. Manzo ya miƙa masa ɗanyen katakon, sojan ya ce har da guntun da aka yanke da ɓawon da aka fere. Na share masa su tas na zuba a buhu. Ya fita, muka ji an buɗe bayan mota, aka rufe.

Sai ga Talle ya shigo yana tari, an aske masa kai, sawun igiya a wuyan hannunsa. Ni ina bakin ɗaki. Ya nufo ni yana cewa Inna, kuma kamar kullum, kafin ya durƙusa ya zura hannu bayan ƙyaure da babban yatsansa a miƙe. Hannun ya wuce ta cikin giɓin ya fito waje.

Ya tsaya yana kallon hannunsa, ya dubi Manzo, ya dube ni.

“Inna, ina tsagata?”

Manzo ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Ni na jawo ƙwaryar furar jiya na buɗe, ta yi tsami, na ƙara mata ruwa.

“Zamna ka sha,” na ce.