La'adar da Mala Ya Biya

Wani dare cikin zafin bazara, Mala baduku ya farka ya ji ana gurzar ƙofar gidansa. Ba ƙwanƙwasawa ba ce. Wani abu mai tauri ake ja a jikin kwanon ƙofar, daga sama zuwa ƙasa, a hankali, a dakata, a sake. Tsakanin gurza da gurza kuma akwai numfashi, irin wanda ya fi ƙarfin ƙirjin ɗan Adam.

Gidan Mala yana unguwar Birni a Damagaram, a lungun da ya ƙare da ƙaton dutse. Tun yana yaro ake cewa akwai masu fitowa daga tsagar dutsen nan su sha iska in gari ya yi tsit, kuma bai taɓa ƙaryatawa ba. Ya kwanta kamar gawa, gumi na bin kunnensa.

Matarsa Kaltuma ta ce a hankali, "Malam, kana ji?"

"Ina ji."

"To tashi mana."

"In tashi in ce masa me?"

Ita ce ta ɗauki tocila. Shi ya bi bayanta riƙe da basillar ɗinkin fata, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Da ta zare sakata, wani hanci mai laima ya turo ƙofar, ƙaho ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kaltuma ta saki tocilar ta ce, "Karkata!"

Saniyarsu ce. Ko kuwa a ce saniyar da ta kasance tasu, don an sayar da ita tun watan jiya. Uwarta ta mutu tana 'yar maraƙa, sai Kaltuma ta raine ta a tsakar gidan nan da dusa da ruwan tsari, kafin a mayar da ita cikin sauran shanun Mala wurin Bafulatanin da ke yi masa kiwo a dajin Gouna. Shekaru sun wuce, amma ga shi ta tuna lungu, ta tuna ƙofa. Ta shigo ta tsaya daidai inda turkenta yake a da, ta zuba wa Mala ido.

Shanun nan su ne tsufan Mala. Ba shi da ɗa namiji, 'yarsa ɗaya tana aure a Agadas. Duk abin da ya samu daga jakunkuna da kuben wuƙa da titimi, matashin zama na fata, maraƙi yake saya ya aika daji. Sai ido ya fara yi masa gardama. Yana neman kafar allura ya rasa, yana ganin jar fata kamar baƙa. Likita ya ce abin ba mai komawa baya ba ne. Ana cikin haka Bafulatanin ya aiko cewa makiyaya ta ƙuntata, ɓarayi kuma sun kwashe garken wani a kusa da su.

A lokacin ne Khalid ya zo sayen jaka. Saurayi ne mai ladabi, abokin mijin 'yar Mala, yana da biro, wato ofis, a unguwar Zango inda yake ba mutane shawara kan kuɗi, konseye ake ce masa. Ya ga tsoho yana laluben allura, ya zauna ya yi masa bayanin ajiyar tsufa: ka ba kamfanin asiransi, wato inshora, kuɗi dunƙule, ka riƙa ƙarawa, in shekaru suka cika su riƙa ba ka wata-wata har ranar da Allah ya karɓi abinsa. Fari ba ya kashe ta, ɓarawo ba ya kora ta. Ya lissafa masa kamfanoni uku, kowanne da halinsa, ya ce Baba ya zaɓa.

Mala ya yi dariya ya ce, "Ina ni ina zaɓe? Kai ne dillali. Wadda ka duba haƙorinta ka ce tana da lafiya, ita na saya."

Ya sayar da rabin shanun, ya zuba kuɗin inda Khalid ya nuna. Ya biya Khalid kuɗin shawara da hannu biyu, har da tukuicin 'yar jakar fata, ya dawo gida ya yi barci mai daɗi, don a saninsa ya biya la'ada. Sauran rabin kuma an sa ranar Alhamis mai zuwa a kawo su kasuwa.

Yanzu ga Karkata a tsakar gida. Mala ya zauna kan turmi har asuba, tsoro biyu na cin sa. Na farko, saniyar da ka sayar a same ta cikin gidanka da dare, komsariya ke nan gaban 'yan sanda, da tsufansa da furfurarsa. Na biyun ya fi nauyi, kuma bai gaya wa Kaltuma ba. Gani yake dukiya ba ta taso daga nesa ta zo ta tsaya tana kallon mai ita haka kawai.

Gari na wayewa ya ɗaura mata igiya, Kaltuma na share hawaye da bakin mayafi, ya ja ta ta bayan ganuwa zuwa kasuwar bisashe, yana kauce wa idon mutane. Ɗanƙarami dillali, wanda ya yi cinikin shanun, yana zaune kan buzu yana kurɓar shayi. Da ya hango su ya tuntsire da dariya har shayin ya zube masa a riga.

"Baduku! Satar shanu ka koma da ido ya ƙi? Ai kuwa ka zaɓi mai karkataccen ƙaho, wadda duk Damagaram an san ta!"

"Wallahi da ƙafarta ta zo," in ji Mala. "Ɗanƙarami, ka rufa mini asiri. In mai ita ya kai ƙara..."

"Ƙarar wa? Mai ita mutumin Dakusa ne, tun jiya ya zo nan yana kumfar baki wai ta tsinke igiya. Wurinka ya je? Ya ma san gidanka? Wurina ya zo. Na ce masa ya koma ya kwanta, in ba a gan ta ba ni zan biya. Ni na ci la'ada, ni na tsaya. Kawo igiyar, je ka karya kumallo."

Mala ya miƙa igiyar. Ya kama hanyar gida yana hamdala. Sai da ya kai wajen masu sayar da tabarmi maganar ta dawo masa. Ni na ci la'ada, ni na tsaya. Ɗanƙarami yana nan kan buzun nan tun suna samari, ubansa ma nan ya zauna. In saniya ta fito ta sata, ko mai ciwo a ɓoye, kowa ya san wuyan rigar da zai kama. To Khalid fa? Ya taɓa cewa ya tsaya? Mala ya bi zancensu daga farko har ƙarshe, yana juya shi kamar fatar da ake neman huda a jikinta. Yaron ya ce shawara. Ya ce zaɓi. Bai tuna ya ji kalmar tsayawa ba.

Ya hau kabu-kabu zuwa Zango. Biron a rufe, mai gadi ya ce konseye ya tafi Yamai. Ya sa aka kira masa salularsa, wata mace ta amsa da Faransanci, aka ce masa ba mutum ba ce, na'ura ce ke cewa a kashe take. Wannan ya ƙara firgita shi, a ce muryar mace sarai amma ba mace.

Kwanakin da suka biyo baya Mala bai ɗinka ko kube ɗaya ba. Ya kan zauna a zaure yana ƙoƙarin ganin kamfanin a zuciyarsa. Da shanu ne, ya san launin kowace, ya san mai harbi da mai lasar hannu. Kamfanin kuwa sai ya zo masa kamar dogon gida marar ƙofa, an jera shanunsa a kan bene suna leƙo ta taga, ba ciyawa ba ruwa. Wani lokacin ya ga kansa makaho, Kaltuma na jan sa da sanda, suna zagaya gidan suna neman wanda za su yi wa sallama. Ya daina cin tuwo sai ya tsakura. In aka taɓa ƙofa ya zabura.

Ranar Laraba da la'asar Bafulatanin ya aiko cewa ya iso bakin gari da sauran shanun, da safe zai shigar da su kasuwa. Bayan magariba sai ga Khalid a kan babur, da ledar dabino a hannu, ya ji an ce Baba ya neme shi. Ya durƙusa ya gaishe shi. Kaltuma ta kawo ruwa ta tsaya daga bakin ƙofar ciki. Ya Gana maƙwabciyarsu, tsohuwa mai sayar da ƙuli, wadda ba a yin baƙo a lungun ba ta zo aron wani abu ba, ta shigo aron rariya ta samu wuri ta zauna.

Mala ya ce, "Ɗana, tambaya ɗaya ce. Kuɗin nan da na zuba, in wani abu ya same su, kai ne ka tsaya mini?"

Khalid ya ce, "Baba, kamfanin mai ƙarfi ne. Akwai hukuma da ke sa musu ido. Ban taɓa jin sun hana wani haƙƙinsa ba."

"Ban tambaye ka ƙarfinsa ba. Na ce kai."

"Ni shawara na ba ka, Baba. Aikina ke nan. Kuɗin suna hannunsu, ba hannuna ba."

"La'adar da na ba ka fa?"

"Ba la'ada ba ce irin ta kasuwa. Ladan zama ne da bincike da bayani. Na faɗa maka ranar, wataƙila ban faɗa yadda za ka ji ba. Kuma gara ka sani daga bakina: shi ma kamfanin yana ba ni wani abu don na kawo ka, kuma kowace shekara suna cire kaɗan daga ajiyar, kuɗin kulawa. Duk haka suke yi, su ukun."

Ya Gana, wadda ke kiran sa Ba Mala, ta ce, "Kowace shekara? Ba Mala, dillalin naka har cikin turke yake bin saniya yana tatsa?"

Khalid ya yi murmushin dole. "Ya Gana, makiyayi ma ai yana shan nonon."

"Yana sha. Amma na san bukkarsa, na san matarsa, in ya yi mini ba daidai ba har gaban uwarsa nake zuwa."

Mala bai ji dariyar da Kaltuma ta danne ba. Ya ce, "Cikin ukun, wanda ka zaɓa mini, shi ya fi ba ka?"

"Ya fi ɗaya, bai kai ɗaya ba," in ji Khalid, yana kallonsa ido cikin ido. "Na zaɓe shi don na ga ya fi dacewa da mai shekarunka. Da mahaifina ne, nan zan kai shi. Wallahi."

"In na ce a dawo mini da abina gobe?"

"Za su dawo da shi, amma da giɓi babba, don ba a daɗe ba. In ka bar shi ba ka ƙara ba, abin da za a riƙa ba ka ba zai ci da ku biyu ba. In ka ƙara na gobe, a lissafina zai isa, in Allah ya yarda."

Mala ya ga yaron ba ƙarya yake ba, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro. Da macuci ne, da ya san abin yi, a tara mutane a kai shi gaban manya. Ga rabin tsufansa a gidan da bai taɓa gani ba, ga ɗaya rabin a bakin gari yana tuƙa, ɓarayi da fari na jiran sa in ya koma daji. Fitilar zauren ta zama masa wani jan gari-gari, fuskar Khalid ma ba ya rabe ta da bango.

Ya miƙa hannunsa na dama cikin iska, yadda ake yi a kasuwa in ciniki ya faɗa.

"To kama hannuna gaban matata da maƙwabciyata. Ka ce, Mala, na tsaya maka. Ka faɗa kawai, gobe in sallama sauran, in kwana da ido biyu rufe."

Khalid ya dubi hannun, mai kanta da tabon basilla. Ya ɗago nasa har ya kusa, sai ya mayar kan gwiwarsa.

"Baba, ka yafe ni. In na faɗa na yi maka ƙarya. Shekarun da ake magana, ban san ko ina Zinder ba, ban san ko ina raye ba. Ba ni da abin da zan biya ka da shi."

Hannun Mala ya zauna a miƙe. Ba wanda ya kama, shi kuma ya kasa janyewa. Kaltuma ta sulale ta zauna a dokin ƙofa.

Ya Gana ta juya rariyar a cinyarta, ta dubi saurayin, ta dubi tsohon, ta ce, "To ni ku fahimtar da ni. Shi bai tsaya ba, su kuma ba wanda ya san fuskarsu. Ranar da idon Ba Mala ya rufe gaba ɗaya, ƙofar wa Kaltuma za ta je ta buga?"