Ruwan da Munira Ta Daina Sha

"Inna, shi ma Baffa Usama kwaɗo aka ɗaura mishi kafin ya mutu?"

Ina shanyar kayanta ɗiyata Munira ta yi tambayar. Surukata, Gwaggo Adama, ta ajiye gyaɗar da take ɓara ta shige ɗaki. Usama autanta ne, zazzaɓi ya ɗauke shi yana shekara tara.

Munira shekararta bakwai. Duk wata sai zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku, ciki na murɗa, gwiwa a kumbure. Mu sayo maganin maleriya a kemis, ya tafi, ya dawo. Fitsari kuwa ba ya jiranta, ko a aji zubowa yake.

Ranar da na je bikin suna a Mahuta, Gwaggo ta sa aka kamo kwaɗo, ta ɗaura mata a ƙugu, yaran unguwa suka zagaya da ita suna tafi suna waƙar mai fitsari.

"Haba Bushira, miye na kumbura fuska?" ta ce da na dawo. "Ke ma haka na yi miki, kika daina."

Yayar babana ce.

Munira ta daina jiƙa siket, har na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Ashe ruwa ta daina sha. Gorar da nake cika mata a hanya take zubarwa, ta matse fitsari tun safe har a tashi makaranta. Sati na biyu na jiyo kukanta a bayan gida. Fitsarin ya yi ja.

Daga asibitin Zuru aka tura mu Sakkwato.

"Ke da mijinki 'yan uwa ne?" likita ya tambaya.

"Ɗan gwaggona ne."

Ya ce zazzaɓin nan na gado ne, ba na sauro ba, akwai ƙwayar da za ta riƙa sha kullum. Fitsarin ma ba ganganci ba ne. Matse shi da ta yi ne ya sa ciwo ya hau har ƙoda.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti. Yanzu da kofi nake binta.

"Sha, uwata. Kurɓi ɗaya."

Sai ta leƙa ƙofar gida tukuna. "In na sha yaran nan za su zo?"

Rabi take sha, ta ture.

Ke da kike karanta wannan, in ɗanki na jiƙa wando zazzaɓi kuma na dawo mishi, asibiti za ki kai shi. Kada ki bari kowa ya kunyata shi, ko uwar da ta haife ki ce.