Gaisuwar Hanyar Rafin Marke

Kafin in ba da labarin mafarkin da ya zo mini a daren jiya, ya wajaba in bayyana cewa ni mutum ne mai tsoron gaisuwa. Ba dukkanta nake tsoro ba, kalmomi biyu ne a cikinta: "Ina aiki?" Tun da na karɓo takardar diflomata a fannin noma ban sami aiki ba, kuma na kasa sa bakina ya ce "Aiki da godiya", domin ina ganin ƙarya ce zan yi wa wanda ya girme ni.

Wannan ne ya hana ni zuwa Rafin Marke, inda kawuna Tanimu yake, mutumin da ya yi ta goya ni a bayan kekensa har na gama firamare, daga baya ya bar mini keken. Hanyar can fadama ce shimfiɗaɗɗiya, ƙauye na bin ƙauye, kuma a kowanne akwai dattawa a gindin bishiya waɗanda mai tarbiyya ba ya wuce su a kan keke. Sai ya sauka, ya jawo kekensa, ya gaishe su, su kuma su tambaye shi aiki. A makon jiya Kawu ya aiko wa Inna cewa yanar ido tana rufe masa gani, yana so ya ga fuskata kafin ta gama. Na ce zan duba lokaci.

A cikin mafarkin na tsinci kaina a kan keken, da hantsi, a tsakiyar fadamar. Ƙasar ta miƙe sumul, ba tudu ba kwari, har ina hango ƙeyata a can gaba tana tuƙi. Kogi yana hannun hagu yana tafiya a hankali, idan ya gaji sai ya tsaya, masunta su sauko su tura shi. Manoman albasa suna ɗibar ruwa daga gonakinsu da jigo suna zuba wa kogin, saboda an ce bai sha komai ba tun safe. Ban yi mamaki ba. Na dai lura cewa tsarin yana da kyau.

A bakin wata ƙaramar gada na iske balbela zaune a kan tebur, ta gicciye hanya da kara. Ta sauko, ta tsattsagi tayata ta gaba, ta saurara.

"Iskar nan ta wane gari ce?" in ji ta.

"Ta gida ce, ranki ya daɗe."

"Za ta kai ka." Ta ɗage karan. "Amma ka kula. Duk abin da kake gani a nan, da kogin da gonakin da ni kaina, a cikin idon Tanimu muke zaune. Aron wuri ya ba mu, ga shi kuma wurin yana ƙanƙancewa. Ka yi sauri, kada kuma ka wuce kowa."

Na nemi in nuna mata cewa umarnin biyu suna cin karo da juna, amma ta riga ta koma shirya kifaye a kan teburin bisa tsarin shekarunsu.

A ƙauyen farko dattawa suna tsaye a bakin hanya, wata tsamiya kuma tana zaune a gindinsu tana shan inuwa. Na hango leɓunansu sun fara haɗa tambayar. Sai na sunkuyar da kai, na taka feda da ƙarfi, na buga ƙararrawa. Maimakon ta yi ƙara, ƙararrawar ta ce da muryata, a fili, "Ban gan ku ba." Babu wanda ya kira ni. Da na waiwaya, ɗaya gaɓar kogin ta tafi, da gonakinta da shanunta, babu abin da ya rage a gurbinta sai fari kamar ƙullun koko.

A ƙauye na biyu na sauka tun daga nesa. Na jawo keken, na durƙusa, na yi sallama. Wani dattijo mai gemu kore, wanda ƙananan yara ke tsinkar alayyafo a cikinsa, ya amsa mini.

"Sannu da zuwa, samari. Ina aiki?"

"Baba," na ce, "amsar wannan tambaya tana buƙatar ɗan bayani."

Na fara daga shekarar da na shiga makaranta. Na bayyana bambancin wanda ya ƙi aiki da wanda aiki ya ƙi. Na ambaci ofisoshin da na je, da irin kujerun da aka ba ni a kowanne. Duk kalmar da ta fito daga bakina sai ta faɗi ƙasa ta zama tsakuwa, ta mirgina gaba ta ƙara wa hanyar tsawo. Ina cikin bayanin kawunan giginyu suka ɓace, suka bar gangar jikinsu tsaye kamar turaku, tsuntsaye suna sauka a kan babu.

Dattijon ya jira har na numfasa.

"Samari," ya ce, "mu gaishe ka muka yi, kai kuma ka kai mu ƙara."

Na kusa wata gonar shinkafa ke nan sai mutum-mutumin da ke gadinta ya ɗaga hannun rigarsa ya tsayar da ni. Ya ce in rage masa hanya, zai je gaishe da surukinsa. Na ɗora shi a bayan keken, inda nake zama ina yaro. Ba shi da nauyi ko kaɗan, sai dai yana da yawan magana.

"Na ji abin da ya faru da kai," in ji shi. "Ni ma kullum sai an tambaye ni."

"Me kake ce musu?"

"Aiki da godiya."

"Kai ai kana da aiki. Korar tsuntsaye kake yi."

"Malam, ɗaga hular nan ka gani."

Na miƙa hannu baya na ɗaga. Sheƙar tsuntsuwar buwa ce a ciki, da 'ya'ya, suna cin shinkafar da aka ba shi tsaro.

"Tun bara suke nan," ya ce. "Ni na raɗa wa na farin suna. Mayar da hular, sanyi zai kama su."

Ya sauka a inda babu komai, ya yi sallama, babu komai ya amsa masa.

Daga nan duniya ta rage faɗin hanyar kawai. Hagu fari, dama fari. Ina jin muryoyin mata suna sussuka, ina jin kukan injin ban-ruwa, amma ban ga kowa ba. A mashigar Rafin Marke wasu hannuwa biyu suka fito daga cikin farin, suka naɗe abin da ya saura na kogin kamar zane, suka ɗaga shi na wuce ta ƙasa. Na taka fedar har cinyoyina suka fara rawa, zufa ta jiƙe rigata, harshena ya bushe. Hanyar ta koma kamar igiya, daga baya kamar zare.

Kawu Tanimu yana zaune a kan tabarmarsa a ƙarshen zaren. Abin da ya rage na haske bai wuce faɗin faifai ba, yana riƙe da shi a kan cinyarsa yana kare shi da tafin hannu. Na sauka, keken ya tafi da kansa ya jingina a inda ya saba jingina. Na durƙusa ina haki, zuciyata tana jiran kalmomin nan biyu.

"Hafizu ne?" in ji Kawu. "Na ji kukan sarƙar. Har yanzu ba ka sa mata mai ba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Kawu."

Ya saurari numfashina, wanda ke fita kamar na zugazugin maƙera. Sai ya fara dariya, irin dariyarsa marar sauti wadda kafaɗu kaɗai ke yi.

"Ba gajiya," ya maimaita. "Kana neman shiɗewa a gabana, ka ce ba gajiya. Wannan ba ta tsaya maka a wuya ba?"

"Wannan ai gaisuwa ce, Kawu."

"To, waccan ta aikin fa? Sammaci ce?"

Na buɗe baki in kawo hujja. Tsakuwa guda ce ta faɗo, ƙarama, ta tsaya a inda ta faɗi.

"Ni ban aika a kawo mini aiki ba," ya ce. "Aiki na gan shi har ya ishe ni. Matso da fuskar nan cikin hasken, in ga ko gemun da uwarka take ba ni labari gaskiya ne."

Na matsa. Hasken ya koma faɗin murfin kwalba. Na sunkuya ina ƙoƙarin shigar da fuskata gaba ɗaya, haɓata ta shiga, bakina ya shiga, Kawu ya ce, "Ƙara matsowa kaɗan," sai wata ƙara ta fara, ƙiii, ƙiii, tana goge muryarsa.

Na buɗe ido. Gari ya waye. Inna ce a tsakar gida take jan keken daga lungun da ya daɗe a jingine, tayoyinsa a sace, sarƙarsa tana kuka, domin ta share ƙarƙashinsa. Kazarta tana biye da ita tana ƙorafi, saboda a cikin kwandon keken take ƙwai.

Na fito na gaishe ta. Ta amsa ba tare da ta ɗago ba, ta ce in riƙe mata wannan tarkacen ta gama shara. Na riƙe. Na taɓa ƙararrawar da yatsa, ta yi ƙara irin ta kowace ƙararrawa.

"Inna," na ce, "a sama wa kazar nan wani wuri, a ba ni ɗan man gyaɗa in ɗiga wa sarƙa. Yau zan tafi Rafin Marke Kawu ya gan ni. A kowane ƙauye zan sauka, kuma duk wanda ya tambaye ni aiki, zan ce masa da godiya."