Ƙorafin Mai Gyaran Agogo

"Injiniya! Fito, jikin Kawunki ya rikice!"

Inna, matar Kawu, ce ke dukan ƙofa. Injiniya ta zabura, kwamfuta a hammata, takalmi ɗaya a ƙafa, ta tsallaka baranda zuwa ɗakin maƙwabcinta, tsoho mai gyaran agogo.

Wayarta ta hau ruri. Oga ne.

"Yau za mu saki manhajar nan! Ƙorafi ɗaya ya rage da jan launi a shafi, na tsohon nan naki. Ki rufe shi kawai!"

"Oga, kai ka kafa dokar. Wanda ya buɗe ƙorafi, shi ke rufewa."

Ta katse.

Manhajar tuna wa mutane shan magani suka gina. Tun ranar da ta koya wa Kawu shiga shafin da ake kai musu ƙorafi, bai bar su sun sha ruwa ba. Yau rubutu ya yi ƙanana, gobe maɓalli ya ɓuya. Na ƙarshen ya fi zafi: ƙararrawar tana makara. "Agogon da ke makara maƙaryaci ne," ya rubuta. Sai da safen nan ta kamo matsalar, ta gyara.

Kawu na kwance, ya rame kamar tsinke, agogunan bango na ta ƙas-ƙas a kansa. Ya buɗe ido.

"'Yar nan, kin zo da maƙaryacin naki?"

"Ya tuba, Kawu. Gwada shi!"

"Sa shi ya buga tare da babban can. In ya makara, ba na yafewa."

"Mutum na fama da ransa, kuna wasa da waya!" in ji Inna, tana share hawaye da gefen mayafi.

"Bar mu, tsohuwa. Aiki muke."

Dogon hannun agogo na hawa. Numfashin Kawu na sauka. Injiniya ta saita ƙararrawar, ta ƙanƙame wayar.

Agogo ya buga. Waya ta ɗauka, lokaci ɗaya!

"Sun haɗu!" Injiniya ta yi tsalle. Har Inna sai da dariya ta kufce mata.

Kawu ya ɗaga yatsa. Injiniya ta matso da kwamfutar, ta tallafi gwiwar hannunsa, amma ba ta danna masa ba. Shi ya danna. Ja ya koma kore.

"To, ku sake ta," ya ce, ya lumshe ido.

Kafin yamma ya cika, hannunsa cikin na Inna.

Bayan an share makoki, Injiniya ta tarar da wani dattijo a bakin ƙofarta, da jaka a kafaɗa.

"Ke ce Injiniyar? Ni ƙaninsa ne, tela. Ya ce in ya tafi in karɓi aikin kai muku ƙorafi. Wannan launin manhajar taku, wa ya zaɓa muku shi?"

Bai jira amsa ba. Ya zauna kan dakali, ya goge tabarau da bakin riga, ya ciro waya, ya fara rubuta ƙorafi da yatsa ɗaya.